Yadda aka gyara min ido da hasken leza, da dalilin da ya hana a yi min LASIK

Tun ina makarantar firamare aka gano cewa ba na ganin abin da ke nesa, kuma ƙarfin gilashin da nake sawa ya yi ta hawa shekara bayan shekara har na haura shekara ashirin, sannan ya tsaya a diyofta 6 a kowane ido, da ɗan karkacewar gani kaɗan a na hagu. Diyofta shi ne ma'aunin ƙarfin gilashi a wurin masu awon ido, kuma mai diyofta 6 ba ya ganin abu tar sai ya kawo shi kusan santimita 17 daga fuskarsa. Duk abin da ya wuce nan, biji-biji yake ganinsa. Fuskar mutumin da ke zaune gefena ma ba na iya tantance ta idan na cire gilashi.

Asalin wannan matsala magana ce ta tsawon ido da lanƙwasar gabansa. Idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, yakan kai milimita 23 zuwa 24, kuma hasken da ya shiga cikinsa dole ne ya tattaru daidai a kan retina, wato shimfiɗar da ke can bangon baya, wadda take karɓar hoto ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. Idan idon ya zarce wannan tsawo ko da da milimita ɗaya ne, sai hasken ya riga ya tattaru tun kafin ya isa bangon, ya sake bajewa, hoton da zai sauka a retina ya rasa kaifi. Kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa hasken, koniya ce take yin sa, wato fatar nan mai tudu, garau kamar ruwa, da ta rufe baƙin ido daga gaba. Da yake ba a iya rage wa ido tsawo, dabarar da likitoci suka samo ita ce a rage wa koniya tudu daga tsakiya, ta ɗan baje, ƙarfinta ya ragu, hasken ya ja baya ya sauka inda ya kamata. LASIK da PRK da SMILE, wato hanyoyi uku na tiyatar ido da hasken leza, duk wannan aikin suke yi. Inda suka rabu shi ne hanyar da ake bi a kai ga naman da za a cire.

Da LASIK na je asibitin ido a raina, domin ita ce wadda aka fi yayatawa, a yi maka yau, gobe ka tashi kana gani. Tun a waya aka gaya min in ajiye gilashin robar da nake mannawa a ido na tsawon mako biyu kafin ranar awo, saboda yana danne koniya ya sauya mata siffa, kuma duk awon da aka yi a kan siffar da ba tata ba ƙarya zai faɗa. Masu sa irin mai taurin nan sukan fi haka daɗewa suna jira. An kuma nemi in zo da tsofaffin takardun gilashina, don a tabbatar ƙarfinsa bai motsa ba aƙalla shekara guda. Sauran sharuɗɗan a takarda aka ba ni: ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa saboda lambar idonsu kan sauya a lokacin, kuma ana yin taka-tsantsan sosai da mai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, da mai cututtukan da garkuwar jiki ke far wa jikin kansa, domin rauninsu ba ya warkewa yadda ake so.

Ranar awo ta fi ranar tiyata tsawo nesa ba kusa ba, kuma yanzu da abin ya wuce, ita nake ɗauka a matsayin ranar da aka yi ainihin aikin. An yi ta kai ni daga wannan na'ura zuwa waccan, ko'ina in ɗora haɓa a kan madogari, in jingina goshi, in kalli wani ɗigon haske ba tare da ƙiftawa ba. Wata na'urar ta juya wani siririn haske shuɗi a gaban idona, ta fitar da taswirar koniya mai launi-launi, inda ja da ruwan goro ke nuna wuraren da suka fi tudu, kore da shuɗi kuma wuraren da suka fi kwanciya, da lambar kaurin kowane sashe a jiki. An auna faɗin ɗigon baƙin idona a cikin duhu, saboda wanda nasa ke buɗewa sosai da dare, hasken da ke shiga ta gefen inda aka gyara yana iya dame masa gani. An saƙala min wata 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti biyar don a ga yawan hawayen da za ta tsotsa, aka kuma ɗiga min wani ruwa rawaya aka ƙirga daƙiƙun da shimfiɗar hawaye take yi kafin ta tsage. Daga ƙarshe aka ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido ya kuma sassauta tsokar da ke cikinsa, aka sake auna lambar gilashin daga farko, domin idon matashi yana iya yin yunƙuri da kansa ya sa lambar ta fito fiye da yadda take. Da idon yana buɗe haka likita ta haska cikinsa ta duba retina lungu-lungu, tana neman tsaga ko wurin da ya yi laushi. Na fito ina runtse ido saboda haske, ban iya karanta saƙon waya ba sai can da yamma, kuma a nan na gane dalilin da ya sa aka ce kada in zo da mota ni kaɗai.

Likitar ta zaunar da ni, ta juyo da fuskar kwamfuta wajena, ta ɗauki biro da farar takarda. Ta ce, "Malam, bari mu yi lissafin tare, don kada ka ga kamar hana ka nake yi." Koniyar yawancin mutane, in ji ta, kaurinta a tsakiya kusan maikuron 540 ne, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Tawa 490 ce a dama, ta hagu ma ba ta fi haka da wani abin kirki ba. A LASIK ana fara yanka wani murfi siriri a saman koniya, mai kaurin maikuron 110 ko kusa da haka, a ɗaga shi gefe, a yi aikin leza a ƙarƙashinsa, a mayar da shi ya kwanta. Murfin yana mannewa ba tare da ɗinki ba, amma ba ya sake ɗaukar nauyi kamar da, saboda haka a lissafin ƙarfin koniya ba a ƙirga shi. Kowace diyofta ɗaya da za a gyara kuma tana cin maikuron 12 zuwa 14, gwargwadon faɗin wurin da za a share. Ta rubuta 490, ta cire 110, ta cire 84, ya rage 296. Ta ja layi a ƙarƙashin lambar ta ce mafi ƙarancin abin da aka daɗe ana yarda a bari shi ne 250, amma likitoci da yawa ba sa son sauka ƙasa da 300, ita ma tana cikinsu.

Na tambaye ta abin da zai faru idan aka sauka ƙasa. Ta ce ruwan da ke cikin ido kullum yana tura koniya daga ciki, kuma idan abin da aka bari bai isa ya riƙe ba, bayan watanni ko shekaru sai ta fara kumburowa gaba ba bisa tsari ba, gani ya lalace lalacewar da gilashi ba ya iya gyarawa sosai. Abin ba ya yawan faruwa, amma shi ne mafi muni cikin abubuwan da ake gudu, kuma shi ya sa ake zura wa taswirar ido sosai, ana neman alamar cutar keratokonas, wadda a cikinta koniya take sirancewa ta yi tsini da kanta. Wanda aka ga alamarta a idonsa, ko kaɗan ce, ba a yi masa LASIK. Taswirata lafiya lau take, siranta ce kawai, sai kuma hawayen da gwaji ya nuna ba su da yawa.

Sai na kawo maganar SMILE, don na karanta cewa ita ce sabuwa kuma ba ta da murfi. A wannan hanya leza ce take zana wani ɗan faifai siriri a cikin naman koniya ba tare da an buɗe samanta ba, sannan likita ya zaro shi ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita 2 zuwa 4. Da yake yankan ƙarami ne, ba a tsinka jijiyoyin koniya da yawa kamar yadda murfin LASIK ke yi, saboda haka bushewar ido takan zo da sauƙi. Likitar ta yarda da duk wannan, amma ta nuna min cewa faifan da ake zarowa yakan ɗan fi kauri a kan abin da leza za ta share a LASIK don gyara lamba iri ɗaya, kuma a ƙarƙashin saman koniya ake ɗaukarsa, don haka abin da zai rage min a ƙasa ba zai fi na LASIK ba. Abin da ta ba ni shawara a kai shi ne PRK, mafi tsufa cikin ukun. A nan ba a yanka komai: ana kankare fatar sama ta koniya, mai kaurin maikuron 50, wadda take sake tsirowa da kanta cikin 'yan kwanaki, a yi aikin leza kai tsaye a fili. Ta sake lissafi, 490 a cire 50 a cire 84, ya rage 356. Ta ce, "Abin da za ka biya shi ne zafi na kwana biyu zuwa uku, da haƙurin makonni kafin gani ya washe. Sakamakon ƙarshe kuwa, bayan wata uku zuwa shida, ba ya bambanta da na LASIK." Ta kuma ambaci wata hanya da ba ta leza ba, inda ake dasa ɗan madubi a cikin ido a bar koniya yadda take, amma ta ce an fi tanadar ta ga masu lamba mai yawa ƙwarai ko waɗanda koniyarsu ba za ta ɗauki leza ba sam.

Jikina ya yi sanyi a ranar, ba zan ɓoye ba, domin na ɗauka tsohuwar hanya ita ce koma-baya. Na kai takardun awon wajen wani likitan ido na dabam, shi ma ya duba ya faɗi abin da ta faɗa, sannan na zauna na karanta tarihin abin, wanda ya sauya min tunani. Tunanin sake wa koniya siffa ya girmi leza. José Barraquer, wani likita ɗan asalin Sifaniya da ya yi aikinsa a Bogota ta ƙasar Kolombiya, tun tsakiyar ƙarni na 20 yake yanko yankin koniya, ya daskarar da shi, ya feƙe shi a inji, ya mayar. A shekarun 1970 Svyatoslav Fyodorov ya shahara a Mosko da tsattsaga koniya da wuƙa daga gefe zuwa wajen tsakiya don ta baje, hanyar da daga baya aka ga tana sa ganin mutane da yawa ya ci gaba da sauyawa shekaru bayan aikin. Sauyi ya zo a farkon shekarun 1980, lokacin da Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka gano cewa lezar da ake kira eksima tana iya share naman jiki ba tare da ta ƙona na kusa da shi ba. A 1988 Marguerite McDonald ta yi PRK a kan ido mai gani a New Orleans ta Amurka, kuma wajen 1990 Ioannis Pallikaris a tsibirin Kirit na Girka ya haɗa murfi da leza, abin da ya zama LASIK. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK a 1995, da LASIK a ƙarshen shekarun 1990, da SMILE a 2016. Lezar da take yanka murfin LASIK a yau, wadda kuma take zana faifan SMILE, wata ce dabam, mai harbi gajere ƙwarai da ke haifar da ƙananan kumfa a zurfin da aka ƙayyade, kuma tushenta yana cikin binciken da ya sa Gérard Mourou da Donna Strickland suka samu kyautar Nobel a 2018. Abin da na fahimta shi ne LASIK ta danne PRK a kasuwa saboda sauƙin jinya, amma ba a taɓa daina PRK ba, domin akwai idanun da ita ce ta dace da su, har da na mutanen da sana'arsu ko wasansu ke jawo bugu a fuska, waɗanda ake tsoron murfi ya goce musu.

Takardar amincewa mai shafuka da yawa ce, kuma na karanta ta kalma bayan kalma a gida, ba a bakin ɗakin tiyata ba, abin da nake ganin haƙƙin kowane majiyyaci ne ya nema. Ta lissafa shigar ƙwayoyin cuta, da gyaran da ya gaza ko ya zarce, da dawowar wani ɓangare na lambar, da hazon da ke iya fitowa a koniya bayan PRK, da bushewar ido, da zoben haske da dare. Na nemi alƙaluma, na samu na binciken PROWL da hukumar Amurkar ta gudanar a kan waɗanda aka yi wa LASIK, wanda aka wallafa a 2017. Fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce sun gamsu da ganinsu, amma cikin waɗanda ba su da wata damuwar gani kafin aikin, har kashi 46 sun ba da rahoton aƙalla sabon abu ɗaya bayan wata uku, kamar zoben haske ko walƙiyar fitilu, kuma har kashi 28 na waɗanda idonsu ba ya bushewa a da sun fara jin bushewa. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu na yau da kullum ba su kai kashi 1 ba. A ganina duk mai shirin wannan aiki ya kamata ya ji lambobin nan gaba ɗayansu, ba ta farkon kaɗai ba, domin tallace-tallace a kanta suke tsayawa.

Ranar aikin an hana ni shafa turare ko mai a fuska, saboda tururinsu yana iya rage ƙarfin hasken lezar. Nas ta sa min hula, ta goge kewayen idanuna da ruwan aidin, ta ɗiga maganin kashe zafi. Babu allura, babu maganin barci. A farke ake yin komai. Na kwanta rigingine a kan wani gado da ya juya ya shigar da kaina ƙarƙashin na'urar, aka rufe idon hagu, aka manne gashin idon dama da leda, aka sa wani ɗan ƙarfe da ya riƙe fatar idon a buɗe. Abin da na fi tsoro tun a gida shi ne in ƙifta ko in motsa ido a tsakiyar aiki, sai ga shi ƙiftawar ma ba ta yiwuwa, kuma da yake idon ya mutu da magani, sha'awar ƙiftawar ba ta zo ba. Likitar ta ɗora wani ƙaramin zobe a kan koniya ta cika shi da ruwan alkohol da aka sirka, ta ƙirga kusan rabin minti, ta tsane shi, sannan na ga wani abu yana gilmawa ta gabana yana share fatar saman. Ban ji zafi ba, sai ɗan dannawa, amma ina kallon ɗigon koren hasken da ke samana yana rikiɗewa ya zama dunƙule marar gefe.

Ta ce, "Malam, kalli tsakiyar koren nan, kada ka bi komai da ido." Sai na'urar ta fara wata ƙara mai sauri, tat-tat-tat, wani wari irin na ƙonannen gashi ya bugi hancina. An riga an gaya min zan ji shi, kuma ba ƙuna ba ce: hasken eksima yana tsinka haɗin ƙwayoyin naman ne su tashi su bi iska, kowane harbi yana ɗauke kusan rubu'in maikuron. Wata kyamara a cikin na'urar tana bin motsin ido sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, tana karkata harbin ya bi shi, kuma idan idon ya goce da yawa sai ta tsaya cak. Nas tana ƙirga daƙiƙun da suka rage da ƙarfi, kuma duka bai kai minti ɗaya ba. Bayan nan aka ɗora wani ɗan soso jiƙe da maganin mitomaisin na wasu daƙiƙu, wanda ake sawa don ya hana hazon nan fitowa, aka wanke idon da ruwa mai sanyi ƙwarai har na ji sanyin a cikin goshina, aka rufe raunin da gilashin roba marar lamba da zai zama bandeji. Haka aka maimaita a idon hagu. Da na tashi zaune na iya karanta agogon da ke bango, ko da yake kamar ta cikin ruwa nake kallonsa.

Zafin bai fara ba sai da maganin ya sake ni a hanyar komawa gida. Koniya tana cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin ji, kuma an bar bakunansu a fili. Daren farko da sauƙi, amma rana ta biyu da ta uku sai da na kai zuciya nesa: ido ya yi jawur, fatarsa ta kumbura, hawaye suna zuba ba tsayawa har hanci ma yana yoyo, kuma ji nake kamar an watsa min rairayi a ciki an hana ni murzawa. Hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ma ya ishe ni azaba, ballantana fuskar waya. Na zauna a ɗaki mai duhu da baƙin gilashi a fuska, matata ce take riƙe da jadawalin magunguna, tana ɗiga min na kashe ƙwayoyin cuta, ta jira minti biyar, ta ɗiga na hana kumburi, ta sake jira, ta ɗiga na jiƙa ido, domin idan aka haɗa su a lokaci guda na baya yana wanke na gaba. Ajiye na jiƙa idon a firji ya taimaka ƙwarai, haka ma ƙyalle mai sanyi a kan rufaffen ido. Na roƙi likita ta waya ta ƙara min maganin kashe zafin da aka ɗiga a ɗakin tiyata, ta ce, "Yi haƙuri, Malam, wannan idan aka yawaita shi yana hana fatar tsirowa, yana iya narkar da koniya." Ta ce in ci gaba da ƙwayoyin da ta rubuta, amma idan zafi ya ƙaru bayan ya fara sauka, ko na ga farin ɗigo a baƙin ido, ko ruwa mai kauri, in zo a take ko da tsakar dare ne.

Zafin ya ɗauke kusan lokaci guda, kuma kafin mako ya cika aka duba aka ga fatar ta rufe, aka zare bandejin. A nan ne abin da ban shirya masa sosai ba ya fara, domin gani ya ƙara lalacewa maimakon ya gyaru. Sabuwar fatar daga gefe take tsirowa ta haɗu a tsakiya, daidai inda ake gani, kuma wurin haɗuwar yakan yi ɗan tudu marar santsi. Haruffa suka riƙa fitowa bibbiyu, kowane da inuwarsa a gefe, yau idon dama ya fi, gobe na hagu, da safe gani ya yi kyau, da yamma ya dushe. Na koma aiki bayan mako na biyu da haruffan kwamfuta da na ƙara wa girma, ina hutawa a kai a kai, ban kuma yi tuƙi ba sai da likita ta auna ta ce ya halatta. Karatun kusa ma ya ba ni wuya a farko, saboda akan ɗan zarce da gyaran kaɗan da sanin cewa warkewa za ta janyo shi baya. A wannan tsakani na sha tambayar kaina ko na yi daidai, kuma abin da ya riƙe ni shi ne an faɗa min tun kafin aiki cewa haka za a yi, har da makon da ya fi muni.

Maganin sitiroyid na ɗigawa, wato na hana kumburin nan, na ci gaba da shi ana rage yawansa sannu a hankali har wajen wata uku, kuma kowane zuwa asibiti sai an auna ƙarfin ruwan ido, saboda a wasu mutane wannan magani yana hawar da shi ba tare da sun ji komai ba. An dage min a kan sa baƙin gilashi mai tare hasken rana duk lokacin da zan fita, na tsawon watanni, domin zafin hasken yana cikin abubuwan da ke tayar da hazo a koniyar da ba ta gama warkewa ba. Iyo da shiga ƙura da murza ido duk an hana. Wata matsalar da na gamu da ita ita ce ta farkawa daga barci: ido yakan bushe da dare, fatarsa ta manne da sabuwar fatar koniya, idan na buɗe da sauri sai in ji tsini mai zafi da hawaye na kusan awa guda. Man ido mai kauri kafin kwanciya, da ɗiga ruwa a gefen ido kafin in buɗe shi, su suka kawo ƙarshen wannan.

Wajen ƙarshen wata na farko inuwar haruffa ta fara janyewa, kuma a awon wata na uku na karanta layin 6/6 da kowane ido, wato abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga nisan mita 6. Idon hagu ya rage da 'yar lamba ƙarama da ba na lura da ita sai na rufe na dama. Zoben da nake gani kewaye da fitilun mota da dare ya ragu sosai, amma bai tafi gaba ɗaya ba, musamman idan na gaji, kuma har yanzu idan na daɗe a gaban kwamfuta sai na ɗiga ruwan jiƙa ido. Na gamsu da aikin, kuma da za a dawo da ni baya zan sake zaɓar sa, amma ba na gaya wa kowa cewa abu ne mai sauƙi, ba na kuma ba wa kowa shawarar wata hanya da suna, tunda ban ga taswirar idonsa ba. Abin da nake cewa masu tambayata shi ne su nemi a nuna musu kaurin koniyarsu, da abin da za a cire, da abin da zai rage, a rubuce, kuma su yi hattara da duk wurin da aka yanke musu hanya tun kafin a auna su.

A zuwana na ƙarshe likitar ta ba ni kwafin duk awon da aka yi kafin aikin, ta ce in adana shi kamar takardar haihuwa, ta kuma bayyana dalili. Idona har yanzu dogo ne kamar yadda yake, saboda haka haɗarin da ke tattare da dogon ido yana nan: tsagewa ko ɓallewar retina, da hawan jinin ido, sun fi samun masu irin lambata ko sun daina sa gilashi. Idan na ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawo sun ƙaru farat ɗaya, ko wani duhu yana rufowa daga gefe, a ranar zan nemi likita, kuma ko ba komai a riƙa buɗe idon ana duba retina a kai a kai. Na'urar auna ƙarfin ruwan ido kuma takan nuna lamba ƙasa da gaskiya a koniyar da aka rage wa kauri, don haka duk wanda zai auna ni dole in gaya masa an yi min leza. Idan tsufa ya kawo yanar ido, lissafin madubin da za a dasa yana rikicewa a idon da aka sauya wa siffa, kuma tsofaffin lambobin suna taimaka wa likitan da zai yi aikin. Ta ƙara da cewa da na haura shekara 40 zan buƙaci gilashin karatu kamar kowa, domin taurin da madubin halitta na cikin ido yake yi da shekaru ba ruwansa da koniya, kuma mai rashin ganin nesa da a da yake cire gilashinsa ya karanta ƙananan haruffa, bayan an gyara masa ido wannan damar ta wuce.